Mudu Bai San Abin Da Ke Cikinsa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Yuni, 1977, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Yusha'u Gambo a gidansa na Unguwar Rimi, bayan ya daɗe yana fama da tari.

Malam, shekara tara muna aiki a ɗakin gwaji ɗaya, kai a kan sikeli, ni a kan tafireta. Sarkin Awo muke tsokanarka da shi, don ko gyaɗa aka miƙo maka sai ka jinjina ta a tafin hannu. Kakan yi dariya ka ce, "Rahmatu, mudu bai san abin da ke cikinsa ba."

Ban gane maganar ba sai bara, da aka kawo mana samfur daga buhu arba'in na wani kamfani da ya rufe, ruwan sama ya wanke rubutun jikinsu. Fari fat, kowa ya ce gishiri ne. Wani har ya dangwala zai lasa, ka buge hannunsa. Ka ɗora garin a sikeli, sannan ka zuba shi cikin kwalbar awo mai kananzir, tunda a ruwa narkewa zai yi, ka duba inda kananzir ya hau. Sau uku ka maimaita. Nauyinsa ya kusa ninka na gishiri. Ka ce sinadarin masana'anta ne, cokali ɗaya a miya ya isa ya kwantar da gida guda.

Ni na buga rahoton da ya ce a binne buhunan. Sau biyar ka hau keke ka bi shi ofis-ofis kana tari, ana ce maka mai sa hannu ya fita. Da ciwo ya kwantar da kai na je dubiya, tambayarka ɗaya ce: "An binne buhunan?" Na ce an binne. Ƙarya na yi maka, Malam, ka yafe mini. Gwanjonsu aka yi da sunan gishiri, wata babbar mota ta kwashe su daga tashar Kawo, babu wanda ya riƙe lambarta. Ni da maigidana mun yi ta sintiri a tashar muna cigiyar motar har 'yan kamasho suka gaji da mu. Na cire rai, abin kuma yana cina kullum.

Ran sadakar uku na shiga wurin matarka Hansai, na tarar tana kuka tana ɗora mudun gishiri a ɗan sikelinka kafin a zuba a miya, yadda ka koya mata. Na kasa cin abincin.

Allah ya jiƙanka, ya sa aljanna makoma, ya cika mizaninka da alheri. Ya ba Hansai da yara haƙurin rashinka. Gidajen da ba su da sikeli kuwa, Allah ya tsare su, don mu kam mun kasa.