Tara ko Ɗaya a Ajin Malama Hureira

A unguwar Miskine aka haifi Hureira, amma a unguwar Kilomita Biyar ta girma, bayan Masallacin Koudoukou. Mahaifinta Mahaman ya yi shekaru yana riƙe wa masu awon filaye sanda, har wani injiniya ya bar masa tsohuwar kalkuleta da zai koma ƙasarsu. Na'urar ba ta da maɓallin "daidai". Sai ka shigar da lambobin biyu tukuna, sannan ka gaya mata abin da za ta yi da su. A kanta Hureira ta koyi lissafi, har ta zama malamar lissafi a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a unguwar Kokoro.

Ɗalibanta kuwa kowa da irin tasa kalkuletar. Masu sababbi suna rubuta lissafin yadda yake a littafi. Masu na gado sai sun danna lamba kafin su danna sin ko kos. Ba ta taɓa damuwa da wannan ba, sai ranar gwajin share fagen jarrabawar bak, ta kammala sakandare.

Ta rubuta 6÷2(1+2) a allo. Wata ɗaliba, Fiddausi, ta ce tara. Abdulsamad da ke bayanta ya ce ɗaya. Gardama ta kaure da harshen Sango, kowa na ɗaga tasa na'urar.

"Madam, tasa jabu ce," in ji Fiddausi.

Hureira ta karɓi duka biyun, ta danna da kanta. Tara, ɗaya. Ta daɗe tana dubansu.

"Babu jabu," ta ce. "Ɗaya ta fara ninkawa, ɗaya ta fara rabawa. Laifina ne da ban ƙara wasu baka biyu a lissafin ba."

Da labari ya kai wa darakta, sai ya ce kowa ya sayi iri ɗaya a huta. Hureira ta ƙi. Ta ce yaron da ya san na'ura ɗaya kawai, ranar da batir ya mutu ya ari ta wani, ya faɗi ke nan. Maimakon haka, kowace Litinin takan tara kalkuletocin a kwali, kowa ya zari wadda hannunsa ya kai, kuma sai ya rubuta amsar da yake tsammani kafin ya danna komai.

Iyaye suka yi ƙorafi cewa ana ɓata wa yara lokaci. Darakta ya mayar da abin sau ɗaya a wata. Ba ta ja ba.

A shekarar, sakamakon ajinta bai fi na shekarar baya da yawa ba. Tana nan tana koyarwa, yanzu da tabarau. Bana yara sun fara ɗaukar hoton tambaya da waya, amsa ta fito har da matakai. Ta karɓi wayar wani ta duba aikin layi-layi, ta ga daidai ne, ta miƙa masa, ta ce ya zo allo ya yi bayanin layi na uku.