Ranar da Na Ɗaure Babana a Kan Raƙumi

Shekarun sun yi nisa, ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru ba. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne da rani ne, cikin shekarun alif ɗari tara da talatin, wata biyu ko uku bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram na komo ƙauyenmu da ke tsakanin Kelle da Gure.

Da hantsi bijiminmu ya soki Baba a bakin rijiya. Ƙahon ya shige ƙasan cibiya, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da ƙasa. Ko da aka kawo shi gida hanjinsa ya leƙo waje. Baffa, ƙanensa, ya wanke wurin da ruwan ɗumi, ya kifa ƙoƙo a kai, ya ɗaure da rawani.

Baba bai nemi magani ba. Cewa ya yi a kira masa Gwaggo, yayarsa, daga Kelle. Shekara bakwai ba sa magana, tun ranar da ya bugi ɗanta da sanda a kan rigimar kiwo, idon yaron ya tsiyaye. A wurinmu mutum ba ya son tafiya da haƙƙin wani a wuyansa. Sai an zo, ya nemi gafara da bakinsa, a ce an yafe kunnensa na ji. Nan take aka tura mai doki.

Ni kuwa na taɓa ganin lokotoro, wato likita, ya ɗinke cikin wani soja, ko dai labari aka ba ni, yanzu ba na iya rarrabewa. Na ce a kai shi Gure wurin lokotoro.

Baffa ya ce, "Ɗan lakwal, yau kuma karatun ciki za ka koya mana? Wannan ba zai kai la'asar a kan raƙumi ba. Bar shi ya jira 'yar'uwarsa."

"Baffa, ba ni hanya."

Ya tsaya a ƙofar ɗaki. "Sai dai ka bi ta kaina."

Maza duk sun koma rijiya kamun bijimin, mata kaɗai ke gida. Na sunkuci taɓarya. Inna ta ce sau uku na buge shi, ni ɗaya nake tunawa. Hannunsa ya karye, haƙora biyu suka zube a rairayi. Inna ta riƙe mini riga, na hankaɗe ta, kanta ya bugi turmi. Na gurfanar da raƙumi, na ɗora Baba, na ɗaure shi da igiyar guga.

A hanya ya yi ta kira. "Ɗana, mayar da ni. Yaya tana tafe." Da Hausa ya fara, daga baya ya koma Barbarci. Jini na bin haƙarƙarin raƙumin, ƙudaje na binmu, ni ina jan akala ban waiwaya ba. A lokacin na ɗauka cetonsa nake yi. Yanzu ina zargin so nake a ga ɗan lakwal ya fi su sani, ko da yake wataƙila dukkansu biyun ne.

A wani kwari mai dabino, wani mai ban ruwa ya ajiye gugansa ya ce, "Samari, tsaya. Mutumin naka ai ya cika." Ban san lokacin ba. Babu wanda ya laƙanta masa kalmar shahada.

Da la'asar sakaliya na komo da gawa. Na tarar da Gwaggo zaune a kan tabarmarsa mai jini. Ta dube ni ta ce, "Da maganar na taho a bakina, ɗan nan. Wa zan ba?"

Baffa bai sake jan guga da wannan hannu ba, bai kuma taɓa tayar mini da zancen ba har ya rasu.

Wata maƙwabciyarmu ta ce ta ga Gwaggo ta sunkuya a kan makara, leɓɓanta na motsi. Wata ta ce ko tashi ba ta yi daga tabarmar ba. Ban iya tambayarta ba, ga shi ƙasa ta rufe ta. In akwai wanda ke gidan a ranar, ko ya ji daga bakin wanda ke nan, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara a duk inda na kuskure, ya kuma gaya mini ko ta ce ta yafe.