Ladan da Ramin Masarar Mainasara

Faɗan da na yi da Ladan, a bakin ɗakin awaki muka yi shi, wata Talata da hantsi. Na fito daga bayan gida da buta a hannu, sai na gan shi durƙushe. Ya share kashin awaki, ya ɗage katakon da muka rufe ramin masara da shi, yana haska ciki da waya, yana surutu shi kaɗai kamar mai wa'azin kasuwa.

Na ce, "Kai Ladan! Uban me kake yi a nan?"

Ya ce, "Goggo, ina kwana? Aiki nake."

"Ban kwana ba. Wa ya ce ka buɗe?"

Autana Mainasara yana gefe yana dariya. Ya ce, "Ƙyale shi, Inna. Bawana ne, ya zo daga birni ya ga arzikin ubangidansa."

Ladan ya ce, "Ji wannan! Bawan da na koya wa ɗaure buhu?"

Taubasai ne, shi Ladan ɗan ƙanena ne, haka suke tun suna yawo ba wando. Amma ni ranar ban ga abin dariya ba. Abin da ke cikin ramin nan shi ne abincinmu na shekara, mu da gidaje shida. A ƙauyenmu, can bayan Dogon Dawa, ba a faɗin abin da aka noma. Ko surukinka ya tambaya, ka ce masa an gode Allah, ka ja bakinka. Mutanen daji masu bindiga suna yanka wa kowane ƙauye rabonsu gwargwadon abin da suka ji an samu, don haka muke barin rumbu da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, wanda ya leƙa ya gani, sauran kuma mu binne.

Na ce masa, "Ka goge abin da ka ɗauka."

Ya ce, "Goggo, ba fuskar kowa a ciki. Ban faɗi sunan gari ba. Buhu ne kawai."

"Ka goge."

"Mutanen kamfanin buhun nan shaida suke so. Su ga masara ta yi wata huɗu a ƙasa ba ƙwaro ko ɗaya. In mutane suka gani suka saya, ni ma na samu."

Na ɗaga butar na ce wallahi ko ya goge ko in yi wa wayar wanka. Ya miƙe yana kare ta da hannu biyu kamar jaririya. Ya daddanna, ya juyo mini da fuskarta ya ce, "Kin gani? Na goge." Ni me na sani? Na ga baƙin gilashi, na ga goshina a ciki. Na ce to.

A ƙauyenmu aka haifi Ladan, amma bai yi shekara bakwai ba ubansa ya ɗauke shi zuwa cikin Birnin Gwari, don ya rantse ɗansa ba zai riƙe fartanya ba. Bai kuwa riƙe ba. Tafin hannunsa har yau kamar na amarya. Ya yi karatu, ya zama malamin firamare, aka tura shi wani ƙauye a hanyar Gwaska. Yara suna son shi, don ba ya duka. Shekara shida yana can, sai aka rufe makarantar saboda ba uban da zai yarda ɗansa ya kwana biyu a wuri guda da aka sani. Ya dawo gari da mata, Lailatu, da 'ya'ya mata uku, da akwatin littattafan da gara ta soma.

Wata rana a hanyar Kaduna aka tare motarsu. Shi ya faɗa cikin ciyawa ya kwanta, wanda ke zaune kusa da shi ba a sake ganinsa ba. Tun daga ranar, in babur ya yi ƙara a bayansa sai ka ga wuyansa ya shige kafaɗa. Ya ce shi da daji har abada. Ina ganin duk abin da ya yi bayan nan, neman hanyar cin abinci ne wadda ba ta bi ta cikin itatuwa ba. Wannan ban zarge shi ba.

Ya buɗe rumfar cajin waya kusa da tasha. A nan ya tsinci sana'ar da ta ci mu. Ya sha yi mini bayaninta, ni kuma na ce ai wannan dillanci ne, mijina marigayi da shi ya ci da mu. Bambancin kawai, mijina yana cusa hannu a buhu ya tauna hatsi kafin ya ce wa mutum saya. Shi Ladan bai taɓa ganin mai kaya ba, sau da yawa ma bai ga kayan ba. Wasu ne a Legas ke da kaya. Shi yana da shafi a waya, inda yake sa labaran gari da farashin kasuwa da wa ya haihu. A ƙarƙashi sai ya liƙa tallarsu. Wanda ya bi ta wurinsa ya saya, a ba shi la'ada. Akwai kuma wata tallar da ko ba a saya ba, muddin mutum ya sa yatsa ya latsa, an jefa masa wani abu.

Na ce, "Wato mutum ya taɓa kawai a biya ka?"

Ya ce, "Haka ne, Goggo."

Na ce, "Shekara arba'in ana tattaɓa mini daddawa a kasuwa ana wucewa. Da na sani da yanzu na yi bene."

Ya tallata fitila mai cajin rana, ya tallata maganin basir, ya tallata wani shayi wai mai rage tumbi, a garin da mutane ke neman abin da za su sa a tumbin. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Lokacin da aka yanke sabis a yankinmu gaba ɗaya, Lailatu ce ta riƙe gidan da awara. Shi kuwa ya rame, ya yini yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Sai ya gamu da buhun nan mai leda biyu a ciki. Gaskiya buhu ne na kirki. In ka zuba masara ka ɗaure baki da kyau, ƙwaro ya mutu, danshi bai shiga. Shi ya sa ma muka iya binne hatsi ba ya ruɓewa. Ladan ne ya kawo mana shi, kuma don shi ya karya rantsuwarsa ya hau babur ya shigo ƙauye, yana salati tun daga kwalta har ƙofar gida. A karon farko a rayuwarsa ya tallata abin da ya san amfaninsa, ya ga mutane suna gode masa. Abin ya hau masa kai. Ya ga in manoman yankin nan duka suka saya ta hannunsa, zai sa 'ya'yansa makarantar kuɗi a Kaduna. Abin da ya rage, su gani da idonsu.

Ashe bai goge ba. Daga baya na ji wai akwai inda abu ke zuwa ya kwanta in an goge shi, sai a sake tashinsa. Ya koma gari ya gyara hoton, ya yanke inda muryata ta fito, ya sa kiɗa. Sannan ya yi abin da suke yi in suna son talla ta yi nisa: ya biya, ya zaɓi su wa za a nuna wa. Ya zaɓi duk mai waya a kewayen Birnin Gwari, wanda ke da ruwa da noma ko kiwo.

To su wa ke kewayen Birnin Gwari da manyan wayoyi da lokacin zama a inuwa suna kallo?

Gaskiya ya faɗa, ba fuskar kowa. Shi ɗan gari ne, a wurinsa mutum fuska ne, gari kuma suna ne a allo. Amma da ya ɗago wayar daga ramin, ta share sama kaɗan, ta kama tsamiyar bayan gidanmu. Tsawa ta raba ta biyu tun ina amarya, rabi ya bushe, rabi yana 'ya'ya. Wanda ya yi kiwo a dajin nan ko sau ɗaya ne, ya san ta kamar yadda ya san uwarsa.

Kwana tara da fitar abin mutanen daji suka zo, bayan la'asar, ido na ganin ido, ba gaggawa. Babura sun fi goma. Babbansu bai kai Mainasara shekaru ba. Ya zauna a kan turmina, ya sa aka kira mai unguwa, ya miƙa masa waya.

Ya ce, "Baba, kalli. Ba ku ne kuka ce mana tsutsa ta cinye masarar bana ba?"

Mai unguwa ya karɓa yana kallo. Kiɗan Ladan yana ta tashi a tsakar gidana, da muryarsa yana cewa, "Ku duba, jama'a, wata huɗu ba ƙwaro ko ɗaya."

Mutumin ya ce, "Buhun yana da kyau kuwa. Mu ma mun latsa, mun ga farashi."

Suka yi dariya. Ba su tambayi inda ramin yake ba, kai tsaye suka nufi ɗakin awaki. Mazan ƙauye su suka fito da buhunan da hannunsu, su suka ɗaura musu a babur, sawu uku aka yi. Lydia matar Isaiah, maƙwabciyata, da nata buhu huɗu a ciki, ta durƙusa ta roƙi a bar mata ɗaya saboda marayun da take riƙo. Ko kallonta ba a yi ba. Da suka gama, suka ce mai ramin ya fito, a nuna wa sauran ƙauyuka ladan ƙarya. Suka ɗora hannun Mainasara na dama a kan turmi. Abin da suka yi da gindin bindiga ba zan faɗa ba. Ina tsaye. Ban suma ba, da ma na suma.

Kafin sati ya zagayo ƙauyen ya watse. Ba abinci, me za a zauna a ci? Muka shigo gari, muka raɓe a wani kango, ni da Mainasara da matarsa Khadijat da yara biyar. Mai ɗori ya yi iya yinsa, hannu ya warke a karkace. Mutumin da ke noma kadada shi kaɗai, yau ba ya iya ɗaga buta da dama. Yana gadin wani shagon siminti. Bai taɓa zagin Ladan ba, ko sau ɗaya. Ya dai daina kiransa bawa. In sun haɗu sai ya ce, "Malam Ladan, sannu," ya wuce. Ni na san wannan ta fi mari.

Na zaci iyakar abin ke nan. Sai wata rana a bakin famfo wata yarinya mai talla ta dube ni ta ce, "Lah, Iya, ke ce ta waya!" Ta nuna mini. Ni ce, ranar da muka sauka a tasha, zaune a kan ƙullin kayana, ɗankwali ya zame, baki buɗe ina kuka. Ban san an ɗauka ba. Na ce ta karanta mini abin da ke sama. Wai, "Kalli halin da wata tsohuwa ta shiga bayan an kwashe musu abinci." A ƙarƙashina kuma ga hoton wata farar mata tana shan shayin rage tumbi.

Shafin Ladan ne. An ce bai taɓa sa abin da aka kalla kamar wannan ba, har mutanen ƙasashen waje. Tun daga nan ya gane abin da yatsan mutane ke so. Ya rage farashin kasuwa, ya rage wa ya haihu. In an kai hari, shi ne farkon isa asibiti. In ana jana'iza, yana bayan sahu da waya a saitin ƙirji. Ya yi ƙiba kaɗan. Ya sayi babur. Mutane suna gaishe shi, don kowa na son a ji kukansa a duniya, amma in ya shigo majalisa sai hira ta koma ta ruwan sama.

Watan jiya ya kwashe iyalinsa zuwa Kaduna. Ana gobe za su bi ayarin motoci, ya zo kangonmu da safe, ɗan acaɓa na biye da shi da buhun shinkafa da galan na manja. Ya tsuguna nesa da ni, ya cire hula yana murza ta.

Ya ce, "Goggo, wallahi ban yi don in cuce ku ba. Hoton naki ma, don duniya ta san halin da ake ciki ne."

Na ce, "Duniyar ta sani?"

"Ta sani."

"Ta ce me?"

Ya nuna buhun shinkafar. Ya ce, "Wannan daga abin da aka samu ne. Hakkinki ne."

Na so in ce ya ɗauke kayansa. Bakina ya riga ya buɗe. Sai na ga ƙaramar jikata ta kafa wa buhun ido, tun jiya da rana kunu ne a cikinta. Na haɗiye abin da zan faɗa, ya wuce mini kamar ƙaya.

Na ce, "Ajiye a bakin ƙofa, Khadijat za ta shigar. Za mu ci, don yunwa ba ta bar mana zuciya ba. Amma ba godiya, kar ka tsaya jiranta. Ka gaida Lailatu, ita ba ta yi mini komai ba. Kai kuma abu ɗaya nake so. Ran da ka ji na mutu, in za ka zo, ka zo, ɗan ƙanena ne kai, ba zan hana ka sallata ba. Amma ka bar wayar a Kaduna."