Ko Fuskarsa, Ko Bishiyar

Matar tana tsaye gaban teburin mai hoto, mayafinta a karkace, hannuwanta na warin man zafi. Sai duban agogon bango take yi, kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Hotuna biyu ta ajiye masa. Na farko tsoho ne, na kyamarar da, mai fim. Wani mutum yana zaune bakin taga, fuskarsa ta fito sarai, ga bishiyar waje ganye-ganye. Na biyu sabo ne. Mutumin ne dai, tagar ce dai, amma yanzu a kwance yake, tagar kuwa haske ya cinye ta a hoton, ta fito fara fat.

"Ɗana, dawo wa maigidana da bishiyar nan. Ba ya iya tashi ya gan ta."

"Inna, kyamarar zamani ba ta da haƙurin fim. In haske ya yi mata yawa, zubarwa take. Ko ta kama fuskarsa, ko ta kama waje."

Tana murza mukullin ɗaki da ke ɗaure a bakin zaninta. Mai hoto yana tambayar kansa, yaushe rabonta ita ma da inuwar bishiyar nan?

"To, wanke mini fuskar," in ji ta. "Wajen dama mun daɗe da rasa shi."