Matar da Ta Ɗaure Saƙon Neman Jini

Kullum da safe, kafin ta ajiye jakarta, sai ta kunna kwamfutar ɗakin ajiyar jini ta tura wa wayarta saƙon gwaji. Sai ta ga ya iso cif sannan ta zauna. Ma'aikatan asibitin suna ce mata Hajiyar Kwamfuta, suna tsokanarta wai kanta take gaisarwa. A makon nan take ajiye aiki.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma a tambayi tsofaffin direbobi ko ni wane ne. Babbar mota ta kife da ni, na fito da ƙafata. Gobara ta ci gidana ina ciki. Gyambon ciki ne kaɗai ya kusa kai ni ƙasa, ranar da ya fashe, ga jinina irin wanda ba a cika samu ba.

Asibitin na da mutanen da ake tura wa saƙo in ana neman jini. Da hantsin ranar aka canza tsarin kwamfutar, aka tura musu, shiru. 'Yata ce shaida: ina kwance ina yin fari fat, ba wanda ya leƙo. Da Hajiya ta ji an taɓa tsarin, ta sake gwajinta. Kalma ɗaya tak ta iso wayarta: "Salamu."

Da na warke na je na tsare ta.

"Hajiya, me ya faru ne ranar?"

"Baba, lodi aka yi ba igiya. Na'urar nan in ba a kewaye mata magana da alamar zance gaba da baya ba, tana ganin fili tsakanin kalmomi sai ta ɗauki ta farko ta zubar da sauran."

"To, da kika ɗaure fa?"

"Ya sake tsinkewa a tsakiya, don akwai irin alamar a cikin saƙon. Sai da na sa mata karkataccen layi a gaba, na'urar ta gane wannan kaya ne, ba igiya ba."

"Ashe ke ma direba ce!"

"Amma ni ban taɓa kifar da mota ba, Baba."

A ranar, kafin azahar, masu irin jinina suka fara shigowa.

Hajiya, ke ce mai ɗaure kaya tun ba a tashi ba. Ke ce ba ki yarda da "ai ya tafi" ba sai kin gani. Na gode, Allah Ya sa ki gama lafiya.

Ku da za ku gaji kujerarta, kada ku saki saƙon da ba ku gani da idonku ba. A ɗaya ƙarshensa akwai mutum kwance, iyalinsa na kallon ƙofa.