Mai Jiran Amshi a Mansur

Kullum bayan la'asar tsohon yakan ratsa unguwar Mansur da garwa biyu na ruwa a sanda, Zali mai ƙosai kuwa ba ta iya ɗauke ido daga kansa. Siriri ne, tafin hannunsa duk kanta, yana tale ƙafa kamar ƙasar Makka na tangaɗi da shi. An ce matuƙin jirgin ruwa ne na katako daga tashar Yanbu. Ƙila jiragen inji ne suka koro shi tudu.

Waƙar jan igiyar jirgi yake yi. Sai ya ɗaga baiti ɗaya, ya yi shiru, ya karkata kunne yana jiran amshi. Ba mai amsawa.

"Ya ammi, ina tekun?" in ji Kabo mai shayi, yana kiransa baffa da Larabci. "Rabin ruwan mutane ya tafi a waƙa!"

Zali ta san amshin. Shi matuƙan jirginsu suka yi ta rerawa a hanyar tashar Sawakin, ranar da aka saukar da gawar mijinta cikin teku aka koma jan igiya. Ba ta ɗaga murya a gaban maza, amma yau amshin ya kuɓuce mata ta ƙarƙashin mayafi.

Tsohon ya tsaya cak, ruwa na zuba. Yana duba fuskokin maza ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya ciko. Zali ta sunkuyar da kai tana juya ƙosai, har ya gaji ya wuce, bai ƙara buɗe baki ba.