A Bayan Motar Albasa Zuwa Kwantagora

Sakkwato, Asabar da asuba

Ana sallame sallar asuba na ɗauki 'yar jakata na bar gida a Ƙofar Marke. Keke napep na tara zuwa Gawon Nama, inda bas ɗin da muka ɗauka shata take jiranmu. Na tarar har an ɗaure ganga da tutar kulob a saman mota, Mamman direba yana duba tayoyi da fitilar wayarsa.

Kulob ɗinmu ba babba ba ne. A unguwa aka haife shi, ya yi ta rarrafe har ya shiga ƙaramin rukuni na ƙasa, kuma wani Alhaji ɗan kasuwa ne yake ɗauke da nauyinsa. Ni tela ne, ni nake ɗinke rigunan 'yan wasa idan sun yage, ta nan na shiga sahun magoya baya. A ranar za mu buga wasan ƙarshe na kakar wasanni a Kwantagora. Canjaras ya ishe mu mu tsira. Idan kuwa aka ci mu, mun faɗo daga rukunin, kuma Alhaji ya riga ya faɗa cewa in aka faɗo zai janye hannunsa. Ya ƙara da cewa idan mun dawo yana son jin bakin magoya baya a kan Koci Bitrus, wanda ya shekara shida yana horar da yaran: a bar shi ko a kawo wani.

Wannan magana ta biyu ita muka shiga mota da ita. Ba mu fita gari ba aka soma gardama.

Boɗinga zuwa Tambuwal

Mutum biyu ne suka raba motar gida biyu. Na farko Malam Yohanna, malamin lissafi a wata sakandare, mazaunin Arkilla. Iyayensa daga Filato suka zo, amma shi a Sakkwato aka haife shi, Sakkwatancinsa ma ya fi nawa kauri. Cocinsu ɗaya da Koci Bitrus, kuma duk da haka babu wanda ya kai shi son a sauke kocin. Na biyu Ɗan'ige mahauci, wanda bai taɓa fashin kallon atisaye ba, ko da ranar kasuwa ce.

Hujjar Malam Yohanna ita ce kocin ba ya sauya dabara. Ya lissafa wasannin da aka ci mu a mintunan ƙarshe, ya ce duk ta gefen kyaftin Lawwali ƙwallon take shigowa, saboda ƙafar Lawwali ta gaji, amma koci ya kasa ajiye shi a benci. Ɗan'ige kuwa ya ce duk kaka sai manyan kulob sun zo sun kwashe mana yara biyu ko uku mafiya kyau, mutumin ya koma filayen unguwa ya nemo wasu ya fara daga farko.

A Boɗinga muka tsaya muka sha koko da ƙosai a tsaye, gardama ba ta tsaya ba.

"Malam, wanga mutum shi yat tattaro yaran ga tun ba su da takalmi," in ji Ɗan'ige. "Yanzu don an ci mu sai mu kore shi?"

"Ban ce mugu ne ba, Ɗan'ige. Mutumin kirki ne, na fi ka saninsa. Amma kirki ba ya tare ƙwallo."

Aka juyo kaina a ji ra'ayina. Gaskiya ba ni da tsayayyen ra'ayi a lokacin: in Malam ya yi magana sai in ga da gaskiyarsa, in Ɗan'ige ya karɓa sai in ji kunyar abin da na yarda da shi. Na faɗa musu haka, suka ce tela ne, ba ya son ɓata wa kowa.

Bayan Tambuwal muka iso shingen jami'an tsaro. Wani jami'i ya leƙo ya ga mutane da riguna iri ɗaya, ya tambayi inda muka nufa. Da ya ji, sai ya ce ba za mu wuce ba sai ya ji muryar gangar nan. Aka sauko da ita aka ɗan taɓa masa, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu, ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a.

Jega, Koko, Yawuri

Mun wuce Aliero hantsi ya soma zafi, buhunan albasa jere a bakin titi ana lodi. A Jega muka sha mai. Daga can zuwa Koko hanya ta soma nuna halinta, ramuka suka rage wa Mamman gudu, zafin bazara kuma ya rufe bakin kowa. Har Malam Yohanna ya yi gyangyaɗi, kansa a kafaɗar Ɗan'ige, shi kuwa bai motsa ba don kada ya tashe shi.

Azahar ta same mu a Yawuri. Muka yi salla, muka ci soyayyen kifi da gurasa a wata rumfa kusa da tasha. Kifin Yawuri dai ba a ba da labarinsa, sai an ci. Mun san 'yan wasanmu a garin suka kwana, a gidan wani ɗan Sakkwato mai sayar da yadi, don haka muka ɗauka tuni sun isa Kwantagora suna hutawa. Mun gwada kiran koci, waya ba ta shiga.

Tsakanin Yawuri da Kwantagora

Ba mu yi tafiyar rabin awa ba Mamman ya taka birki ya ce, "Waccan ba motar kulob ba ce?"

Ita ce. Tana gefen titi, murfin inji a buɗe, wani makanike ya shige ƙarƙashinta, 'yan wasanmu suna zaune a inuwar wata bishiyar ɗorawa. Koci Bitrus ya taso ya tarye mu, rigarsa duk baƙin mai. Ya ce tun da hantsi suke wurin. An je Yawuri an kawo makanike, an sauya abu biyu, mota ta ƙi tashi. Motocin da ke wucewa duk a cike suke, babu mai ɗaukar mutum kusan ashirin. Wasa kuma bayan la'asar ne, in ba su bayyana a fili ba, za a ba abokan karawarmu maki ba tare da an taɓa ƙwallo ba.

Bai roƙe mu komai ba. Halin da ake ciki kawai ya faɗa.

Kowa a cikinmu ya san abin da ya kamata, kowa kuma ya san wahalar da ya sha kafin ya zo nan. Akwai wanda ya rufe shago kwana biyu, akwai wanda bai taɓa fita kallon wasa wajen jiha ba sai ranar. Malam Yohanna ne ya fara komawa cikin bas, ya ɗauko jakarsa ya ajiye a ƙasa.

"Ku sauko da kayanku," ya ce mana. "Bitrus, kwashi yaranka ku tafi. Maganata da kai tana nan, amma sai kun buga."

Cikin ɗan lokaci aka sauya kaya. Yaran suka shiga suna yi mana godiya, kyaftin Lawwali ya riƙe hannun Ɗan'ige gam kafin ya shiga. Mamman ya ja mota, muka tsaya a bakin titi da ganga da tuta muna kallonsu har suka ɓace.

Mun fi awa muna ɗaga wa motoci hannu. Daga ƙarshe wata babbar mota mai ɗauke da albasa daga Aliero ta tsaya. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya saurari bayaninmu ya ce in za mu iya zama a kan buhu, bismilla. Da muka yi maganar abin da za mu ba shi sai ya ɗaure fuska ya ce mu hau kawai.

Ban taɓa tafiya irin wannan ba. Rana a ka, buhu yana zamewa a ƙarƙashinka, duk ramin da aka faɗa sai ka riƙe na kusa da kai. Idanunmu suka yi ta ruwa saboda yajin albasa. Amma a saman motar nan gardama ta sake tashi. Ɗan'ige ya ce duk wanda ya ga yadda yaran suka zauna a natse tun safe, babu mai ƙorafi, ya san akwai mai riƙe da su. Malam Yohanna ya ce ya gani, kuma ya yaba, amma natsuwa a gindin ɗorawa daban, natsuwa a minti na tamanin daban.

Kwantagora

Dattijon ya sauke mu a bakin hanyar filin wasa. Muka shiga ana hutun rabin lokaci, an ci mu ɗaya. Muka nemi gefe muka kafa tuta, Ɗan'ige ya rataya ganga. Da yaran suka fito suka ji kiɗan gida, sai ga su suna waigowa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga mana hannu.

Abin da muka fara lura da shi shi ne Lawwali bai dawo fili ba. Yana benci kusa da koci, an sa wani matashi a gurbinsa. Malam Yohanna ya juyo ya dube ni.

Yaran suka matsa. Wajen tsakiyar zagaye na biyu muka samu bugun kwana, aka bugo, ƙwallo ta yi ta yawo a gaban raga, ɗan gabanmu ya sa mata ƙafa ta shige. Ban san lokacin da na rungume wani mutumin Kwantagora da ke tsaye kusa da ni ba, shi ma don mamaki bai ture ni ba.

Sai aka shiga mintunan da muka saba kuka a cikinsu. Masu gida suka taso mana gaba ɗaya. Lawwali ya miƙe a bakin layi yana yi wa 'yan baya tsawa, yana nuna wa kowa inda zai tsaya. Sau ɗaya ƙwallo ta daki ƙarfen raga ta dawo, golanmu ya faɗa a kanta. Ɗan'ige ya daina kiɗa, ya juya wa fili baya yana salati. Da alƙalin wasa ya hura tashi, ɗaya da ɗaya, sai kawai na zauna a ƙasa.

Kafin mu fita daga fili kowanne ɓangare ya ce wasan ya gaskata shi. Malam ya ce ga shi nan, an cire Lawwali an tsira. Ɗan'ige ya ce to wa ya cire shi, in ba kocin da ake cewa ba ya sauyawa ba?

Wani ƙaramin masauki muka samu kusa da tasha, mu da 'yan wasa, mutum huɗu-huɗu a ɗaki. Bayan magariba muna cin tuwon shinkafa da miyar taushe a tsakar gidan, Koci Bitrus ya zo ya zauna a tabarmarmu. Malam Yohanna bai ɓoye masa komai ba. Ya gaya masa cewa shi ne kan gaba wajen neman a sauke shi, ya kuma faɗi dalilansa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya faɗa a mota.

Koci ya saurara har ƙarshe. Ya ce yawancin abin da Malam ya faɗa gaskiya ne. Ya ce shi kaɗai ne koci, shi ne mai ɗaure ƙafar wanda ya ji rauni, shi ne mai neman masauki, kuma ido ɗaya ba ya ganin komai.

"Na daɗe da sanin ƙafar Lawwali ta gaji," ya ce. "Abin da ban sani ba shi ne yadda zan gaya masa. Tun yana ɗan shekara sha huɗu yake hannuna, tun kafin in zo kulob ɗin nan. Yau da mota ta ajiye mu, na ja shi gefe muka yi maganar. Ya ce shi ma jira yake in faɗa."

Ya ce in an bar shi, yana son Lawwali ya zama mataimakinsa ya riƙe 'yan baya. In kuma an ga ya tafi, zai tafi ba tare da riƙe kowa a zuci ba, sai dai a taimaka kada a watsar da yaran.

Komawa gida, Lahadi

Da sassafe Malam Yohanna da Koci Bitrus suka tafi coci tare, muka jira su muna shan shayi. Labari ya zo cewa makanike ya tayar da motar kulob ya kai ta Yawuri. 'Yan wasa suka yi sawu biyu a motocin haya zuwa can, kowa ya koma motarsa.

A hanya ba a yi gardama sosai ba. Mutum biyu sun tsaya a kan cewa canjaras ɗaya ba ya wanke kaka guda, kuma ba a hana su faɗa ba. Ni dai a tsakanin Koko da Jega na samu matsayata, na ce a bar shi. Mutumin da za a faɗa masa laifinsa a gaban jama'a ya ce gaskiya ne, ina ganin bai gama koyo ba, kuma wanda bai gama koyo ba bai gama amfani ba.

Mun shigo Sakkwato gab da magariba, muka zarce ƙofar gidan Alhaji a Gawon Nama, inda muka tarar da jama'a sun taru. Da Alhaji ya nemi jin bakinmu, sai Ɗan'ige ya ce Malam Yohanna ya yi magana da yawunmu. Malam ya miƙe ya faɗi ra'ayin masu rinjaye da na mutum biyun da suka saɓa, bai rage komai ba. Ya ce a bar Koci Bitrus ya ƙara kaka guda, a ba shi Lawwali mataimaki. Alhaji ya ce ya amince, kuma hannunsa yana nan a kulob.

Da muka fito neman abin hawa, Ɗan'ige ya dafa kafaɗar Malam ya ce ashe dai ya dawo hanya.

"Awo, na ce a bar shi," in ji Malam Yohanna. "Ban ce zan yi shiru ba. Ranar da anka koma atisaye ina bakin fili."

Na isa Ƙofar Marke ana kiran isha'i, na samu iyalina lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina kuma gode wa Mamman direba, da mutanen Kwantagora da suka karɓe mu ba tare da ko harara ba, da dattijon nan mai babbar mota wanda har ya tafi babu wanda ya tuna ya tambayi sunansa. Allah ya saka masa da alheri a duk inda yake.